Ido Ba Mudu Ba: Tarihin Idon Kyamara Da Zaɓin Mai Ɗaukar Hoton Iyali

Duk wanda ya tara ƴan kuɗinsa ya sayi kyamara domin hoton suna, ko biki, ko Sallah, ko tafiya, ba ya jimawa sai tambaya guda ta tare shi: wane ido zan ɗaura mata? Abin da nake nufi da ido shi ne gilashin nan na gaban kyamara, wanda haske ke ratsawa kafin hoto ya tabbata. Masu sana'ar hoto a Yamai da Damagaram suna ce masa objektif, na Kano kuwa lens suke cewa. Mai shago zai ɗauko maka dogo, mai kama da bakin igwa, ya ce da wannan har gashin idon mai doki za ka ƙirga daga nesa. Mai saye kuma da ya ga girma sai ya ɗauka girman shi ne kyau.

Ni dai a ganina amsar wannan tambaya tana cikin tarihi. Shekara kusan 200 ke nan maƙeran idon kyamara suna kokawa da abu uku: ƙarancin haske, da nisa, da nauyi. Har yau ba a ƙera idon da ya kayar da ukun nan lokaci guda ba. In ka ci riba a ɗaya, sai ka biya a ɗaya. Wanda ya san yadda aka yi wannan kokawa ba zai zuba kuɗinsa a maganin cutar da ba ita ke damunsa ba.

Ɗaki mai duhu da ƴar kafa

Tun kafin a san hoto an san cewa in aka rufe ɗaki ruf, aka bar ƴar kafa guda a bango, surar abin da ke waje za ta faɗo a bangon da ke fuskantar kafar, amma a kife. Malamin da ya yi wa wannan al'amari bayani mai gamsarwa shi ne Hasan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya yi zamansa a Alƙahira, inda ya rubuta Kitabul Manazir. Shi ne ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, ba ido ke aika haske waje ba.

Sai dai kafar tana da matsala. In ta yi ƙanƙanta, surar ta fito daidai amma ba haske. In aka faɗaɗa ta, haske ya ƙaru, surar kuma ta koma dishi-dishi. Dabarar da aka samo ita ce a liƙa gilashi mai tudu a kafar domin ya tattara haske wuri guda. A 1568 wani mutumin Venice mai suna Daniele Barbaro ya rubuta yadda ake yin haka, har ya lura cewa in aka rufe gefen gilashin aka bar tsakiyarsa kaɗai, surar ta fi fitowa sarai. Ashe tun daga tushe ciniki ne tsakanin yawan haske da fitowar sura.

A ranar 19 ga Agusta 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre ta kama wannan sura a kan faranti, a birnin Paris. Idon da Charles Chevalier ya ƙera wa kyamarar ƙofarsa ƙanƙanuwa ce, dole a bar ta a buɗe mintuna da dama cikin hasken rana. Akwai shahararren hoton da Daguerre ya ɗauka na wani titin Paris a 1838. Titi ne mai cunkoson jama'a da kekunan doki, amma a hoton wayam yake, domin duk abin da ke motsi ya wuce bai bar sawu ba. Wanda ya fito shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Irin wannan ido ya dace da gini da dutse, bai dace da ɗan Adam ba, balle jariri ranar suna.

Idon da ya kawo fuska cikin hoto

Wanda ya warware wannan ƙulli ba mai hoto ba ne, malamin lissafi ne a jami'ar Vienna, Joseph Petzval. A 1840 ya zauna da alƙalami ya lissafa yadda za a jera gilasai huɗu su tattara haske mai yawa ba tare da surar ta lalace ba. Da yake babu kwamfuta a lokacin, sojojin igwa waɗanda suka iya lissafi aka ba shi suka taya shi. Kamfanin Voigtländer ya ƙera idon, ya fito yana shigar da haske fiye da ninki 15 na idon Chevalier. Zaman da ake yi na mintuna ya dawo ƙasa da minti guda. Har a lokacin ana tokare ƙeyar mutum da ƙarfe don kada ya motsa, amma dai ƙofa ta buɗe: shagunan ɗaukar hoton mutane suka bazu a Turai da Amurka cikin ƴan shekaru.

A nan ya kamata mai karatu ya san lamba ta farko cikin lambobi biyu da ake rubutawa a jikin kowane ido. Ita ce mai harafin f a gabanta, kamar f/1.8 ko f/5.6, tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga. Lissafinta a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Idon Chevalier wajen f/15 ne, na Petzval kuwa f/3.6. Abin lura shi ne, ba manyan gine-gine ko yaƙe-yaƙe suka tilasta a nemo ido mai haske ba. Sha'awar mutum ta ya ajiye fuskar wanda yake ƙauna ita ce ta tilasta.

Akwatin dala guda

Duk da haka hoto ya ci gaba da zama sana'ar ƙwararru har sai da George Eastman ya fito da Kodak a Amurka a 1888. Akwati ne da ake sayarwa dala 25 da fim ɗin hoto 100 a cikinsa. In ka gama ɗauka sai ka mayar da shi kamfani a Rochester, a wanke maka, a sake cika shi. A 1900 sai ga Brownie a kan dala 1 kacal, akwatin kwali mai gilashi guda ɗaya tak, ba a juya shi, ba a saita shi. Asirinsa shi ne abin da Barbaro ya gano: ƙofar ƙanƙanuwa ce, saboda haka duk abin da ya wuce taku biyu ko uku daga kyamara yana fitowa. Kuɗin da aka biya kuwa shi ne haske. Wannan ne ya sa a tsofaffin hotuna za ka ga an fito da mutane tsakar gida, an sa su fuskanci rana, suna ƙanƙance idanu.

Wannan akwati mai araha ya bi jiragen ruwa da jiragen ƙasa har ya iso ƙasashenmu, kuma da shi manyan masu hoton Afirka ta Yamma suka buɗe ido. A 1935 kawun Seydou Keïta ya dawo Bamako daga Senegal ya kawo masa tsarabar Brownie. A 1948 Keïta ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa. Yawanci a tsakar gida yake aiki da hasken rana, da babbar kyamara mai fim santimita 13 da 18, kuma galibi sau ɗaya yake ɗaukar mutum saboda tsadar kaya. Amma a hotunansa kana iya ƙirga zanen atamfa da layin kitso. Malick Sidibé shi ma da Brownie mai filasha ya fara a 1956, yana bin wuraren rawar samarin Bamako da dare, har ta kai shi ga karɓar lambar Zakin Zinariya a Venice a 2007. A Yamai kuwa akwai Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano, wanda ya zo daf da samun ƴancin kai, ya ajiye mana fuskar birnin ta shekarun 1960 da 1970.

Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne ba su yi suna da tarin idanu ba. Sun san idon da ke hannunsu, sun san inda za su tsaya, kuma mutanen da suke ɗauka sun saki jiki da su. In ka duba hotunan Sidibé za ka ga a tsakiyar fili yake, kusa da masu rawa, ba a bayan taro ba.

Yadda milimita 50 ya zama ma'auni

A daidai lokacin da Brownie ke yawo a duniya, a Jamus ana wani aikin. A garin Jena kamfanin Carl Zeiss ya haɗa kan masanin lissafi Ernst Abbe da maƙerin gilashi Otto Schott, suka samar da sababbin nau'o'in gilashi. Daga nan Paul Rudolph ya fito da Tessar a 1902, ido mai gilasai huɗu, ƙarami, mai kaifi, wanda aka yi ta kwaikwayo shekaru da dama. Shi ne a jikin Rolleiflex ta farko a 1929, kyamarar nan mai ido biyu da ake rataye wa a wuya a leƙa ta sama.

A wani garin kuma, Wetzlar, akwai Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz. Mutum ne mai son yawo a daji, amma yana fama da asma, ba ya iya ɗaukar manyan kyamarorin zamaninsa da ƙafafunsu na katako. Tsakanin 1913 da 1914 ya ƙera wa kansa ƴar kyamara mai amfani da fim ɗin silima, kowane hoto faɗinsa milimita 24 da 36. Yaƙin duniya ya jinkirta ta, sai a 1925 ta shiga kasuwa da sunan Leica, da idon da Max Berek ya lissafa: milimita 50, f/3.5. Wato kyamarar tafiye-tafiye ta samo asali ne daga mutumin da nauyi ya dama.

Ga lamba ta biyu ke nan, mai milimita. Ita ke nuna yawan filin da ido ke kwasa. Ƙaramar lamba tana kwasar fili mai faɗi, babbar lamba tana tsuke fili ta jawo abin da ke nesa. A kan fim irin na Leica, ido mai milimita 28 yana kwasar kusurwa mai digiri 75, mai 50 yana kwasar wajen 47, mai 200 kuwa 12 kacal. In ka auna fim ɗin daga lungu zuwa lungu za ka samu milimita 43, kuma idon da tsawonsa ya yi kusa da wannan awo shi ne ke ba da hoton da girman abubuwa da tazararsu suka yi kama da yadda mutum ke gani. Milimita 50 ya zauna a kan wannan gurbi.

Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson, wanda ya yi kusan shekara guda a Kwaddebuwa yana saurayi har zazzaɓi ya kusa kashe shi, ya sayi Leica a Marseille bayan komawarsa gida a farkon shekarun 1930. Ya zagaya Indiya da Sin da Meziko da Tarayyar Sobiyet, kuma mafi yawan hotunansa da milimita 50 ya ɗauke su. In abu ya yi nisa sai ya matsa, in ya yi kusa sai ya ja baya.

Zuwan zum

Abin da ya hana a tara gilasai da yawa cikin ido guda shi ne kowace fuskar gilashi tana mayar da wajen kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata. In gilasan suka yi yawa, haske ya ragu, hoto kuma ya yi fari-fari kamar an ɗauka cikin hazo. A 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya gano yadda ake shafa wa gilashi wani siririn sinadari mai rage wannan asara. Shi ne launin shuɗi ko shunayya da kake gani in ka karkata ido a haske. Bayan yaƙin duniya na biyu dabarar ta bazu, maƙera suka samu damar jera gilasai goma ko fiye.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa. A 1950 Pierre Angénieux a Faransa ya fito da ido mai faɗi, milimita 35, wanda zai zauna a kyamara mai madubi a ciki. A 1959 Nikon F ta fito daga Japan, kuma a wannan shekarar ce Voigtländer ya sa Zoomar a kasuwa, mai tafiya daga milimita 36 zuwa 82, ido mai zum na farko da aka ƙera da yawa domin irin waɗannan kyamarori. Amma zum ɗin farko yana da nauyi, yana da tsada, kuma bai kai tsayayyen ido kaifi ba. Shi ya sa har shekarun 1970 in ka sayi Pentax K1000 ko Canon AE-1, waɗanda suka fito a 1976, da milimita 50 ake haɗa maka. Zenit ta Sobiyet ma mai 58 take zuwa da shi. Hotuna masu yawa da ke cikin albam ɗin iyayenmu da irin waɗannan idanu aka ɗauke su.

Daga shekarun 1980, da kwamfuta ta karɓi aikin lissafi kuma roba ta maye gurbin ƙarfe, zum ya yi araha ya ture milimita 50 daga kwalin sabuwar kyamara. An samu sauƙi, domin mutum na tsaye wuri guda zai jawo ya tura. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne kuɗin da aka biya. Zum mai araha ƙofarsa daga f/3.5 take farawa, in ka jawo abu ta tsuke zuwa f/5.6. Ido mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na f/5.6. A fili da rana ba za ka ga bambanci ba. Amma a ɗakin mai jego, ko a zaure bayan magariba, bambancin shi ne tsakanin hoto da inuwa. Sai aka koma dogaro da filasha, mai sa goshi ya yi ƙyalli, bayan mutum kuma ya yi baƙi ƙirin.

Zamanin da fim ya kau

Injiniyan Kodak Steven Sasson ya haɗa kyamara marar fim ta farko a 1975, amma sai a 2003 irin wadda ake canza wa ido ta sauko inda mai ƙaramin ƙarfi zai iya miƙa hannu, lokacin da Canon 300D ta fito ƙasa da dala 1,000 tare da zum mai milimita 18 zuwa 55. A nan wani ruɗani ya shigo wanda har yau yake cin kuɗin mutane. Farantin da ke karɓar haske a cikin waɗannan kyamarori bai kai girman fim ɗin Leica ba, saboda haka tsakiyar surar kaɗai yake kamawa. Dole ka ninka lambar ido da 1.6 a Canon, ko 1.5 a Nikon da Sony, kafin ka san filin da za ka samu. Milimita 50 a kan irin wannan kyamara yana aiki kamar 75 ko 80. Ya yi kyau ga hoton fuskar mutum guda, amma in ka shiga ɗaki da shi za ka jingina da bango ba ka kwashi mutum huɗu ba. Wanda ke neman ganin da Barnack ya zaɓa, a kan ƙaramin faranti, milimita 30 zuwa 35 zai nema.

Sai kuma waya ta zo ta sa kyamara a aljihun kowa. Babban idon yawancin wayoyi mai faɗi ne, daidai da milimita 24 zuwa 28. Ya dace da taro da ɗaki da kasuwa, amma yana sa a matso da shi daf da fuska, kuma kusancin ne ke kumbura hanci ya ƙanƙantar da kunne. Ba laifin gilashi ba ne, laifin tazara ne: duk abin da ya fi kusa da kyamara shi ke fin girma. Da masu ƙera waya suka ga haka sai suka koma ƙara ido na biyu. iPhone 7 Plus ta 2016 ta zo da mai 28 da mai 56. Wato bayan shekara 90 an sake zagayowa kusa da milimita 50.

Abin da tarihin ke gaya wa mai saye

In muka tattara, ga abin da nake ganin ya fito fili. Mai hoton iyali haske ne babbar matsalarsa, ba nisa ba. Ƴaƴanka da iyayenka ba a ƙetaren kogi suke ba, suna kan tabarma guda da kai, sau da yawa a inuwa ko cikin ɗaki, kuma yara ba sa tsayawa. Abin da ya fi dacewa da shi tsayayyen ido ne mai babbar ƙofa, f/1.8 ko f/2, milimita 35 ko 50 a kan babban faranti, ko 24 zuwa 35 a kan ƙarami. Abin daɗin shi ne irin wannan ido yana cikin mafi araha a jerin kowane kamfani, domin an daɗe da gama lissafinsa. Mai 50 f/1.8 na Canon giram 160 ne nauyinsa. Babban zum ɗin ƙwararru mai 70 zuwa 200 f/2.8 kuwa ya kusa kilo ɗaya da rabi. Sai dai a kula: in ƙofa ta buɗe gaba ɗaya, mutum guda ke fitowa sarai, na bayansa su dushe. In hoton jama'a ne sahu biyu ko uku, a tsuke ta zuwa f/5.6 ko f/8.

Matafiyi kuwa nauyi da fili ne matsalarsa. Zum ɗin nan mai 18 zuwa 55 da ake rainawa ya isa yawancin aikin rana. In ka tsaya a lungunan tsohon garin Agadas kana son hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, ta shiga hoto daga tushe har ƙoli, gefen 18 ɗin kake buƙata, dogon ido ba zai amfane ka da komai ba. Haka in kana son kasuwa da jama'arta, ko rairayi da sararin sama. Wannan zum da tsayayyen ido guda domin dare sun isa jakar tafiya.

Dogon ido yana da ranarsa, ba na musu. In za ka Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, kallon raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma, ko kana son mahaya a hawan Sallah, ko ƴan kokowa daga bayan shinge, to mai 55 zuwa 200 ko 70 zuwa 300 zai yi maka rana. Amma ka tambayi kanka sau nawa a shekara. Ka kuma sani cewa yadda yake jawo abu haka yake ƙara rawar hannu. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce a milimita 200 kada ƙiftawar kyamara ta yi jinkirin da ya wuce kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa, wanda ke nufin sai da rana sosai, ko da ido mai na'urar rage girgiza.

Akwai kuma abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, wato ƙura. Duk lokacin da ka cire ido cikin hunturu ka buɗe wa hazo ƙofa zuwa faranti, daga nan kowane hoto ya riƙa fitowa da ɗigo a sararin sama. Zum mai shiga da fita ma yana shaƙar iska kamar zugazugin maƙeri. Wannan ma hujja ce ta a rage yawan canje-canje. In dole ne, a shiga ɗaki ko mota, a kifa bakin kyamara ƙasa. Kada a goge gilashi da bakin riga, domin yashi yana kankare shafin nan na Smakula. A fara hure ƙurar tukuna.

Da yake yawancinmu na hannu muke saye, sai a duba abu uku. Na farko mazauni: kowane kamfani da irin bakinsa. Canon ya sauya nasa a 1987, tsofaffin idanunsa ba sa hawa sababbin kyamarori kai tsaye, kuma a 2018 Canon da Nikon duka sun fito da sabon mazauni domin kyamarori marasa madubi. Ƙananan Nikon irin su D3100 da D5100 ba su da injin saita ido a jikinsu, in ka ɗaura musu tsohon mai 50 f/1.8D sai dai ka juya da hannu. Na biyu, a haska tocila ta cikin gilashin. In an ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, tana kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima irin garuruwan bakin teku. Na uku, a ɗaura shi a kan kyamararka a ɗauki hoto nan take kafin a biya. Gani ya kori ji.

Tazara

Akwai wani abu na ƙarshe da ya fi lambobi muhimmanci a wurina. Idon da ka zaɓa shi ke yanke maka inda za ka tsaya. Dogon ido yana ba ka damar ɗaukar mutum bai sani ba: tsohuwa a bakin rijiya, matan aure a gidan biki, almajiri yana cin abinci. Mu kuwa a tarbiyyarmu ba a shiga gida sai da sallama, kuma hoton da aka sata yau, gobe yana yawo a WhatsApp. Gajeren ido ba ya barin ka yi sata. Dole ka matso, ka gaisa, ka nemi izini, a ba ka ko a hana ka. Mu masu aiki da makirufo mun san wannan: muryar dattijo ba ta fitowa da ɗuminta sai ka cire takalmi ka zauna kusa da shi. Fuska ma haka take.

Hoton iyali ba don yau ake ɗaukarsa ba. Ana ɗaukarsa ne domin ranar da yaro zai tambayi kamannin kakarsa da bai riska ba. A ranar ba wanda zai tambayi sunan kamfanin da ya ƙera ido ko nawa aka saye shi. Abin da za a duba shi ne ko fuskar ta fito, ko tana cikin walwala, ko an ga ɗakin da take zaune da ƙwaryar da ke gefenta. Petzval ya nemo mana haske, Barnack ya rage mana nauyi, Keïta da Sidibé da Koudjina sun nuna cewa sauran aikin na ƙafa ne da baki. Kafin ka sayi ido na uku, ka tabbata ka ɗauki tsofaffin gidanku da wanda ke hannunka, ka kuma wanke hotunan a takarda, domin waya tana ɓacewa, tana kuma mutuwa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana zuriya.